Mashin Na Hannu: Araha Ce, Ko Bashin Da Ba A Sa Wa Rana Ba?

Ban taɓa zuwa rumfar dillalan mashin ba, a Birnin Kebbi ko a Jega, aka nuna mini wani aka ce na ɗan kabu-kabu ne. Duk wanda ka ɗora wa hannu, amsar guda ce: "Malam, wanga na wani ma'aikaci na, daga gida sai ofis. Ko inji ba a taɓa buɗe mai ba." Sai mutum ya rasa inda mashinan 'yan kabu-kabun garin nan suke zuwa idan sun gaji. Ƙasa ce take haɗiye su?

Raha ce, amma duk maganar mashin na hannu a cikinta take. A da, sayen na hannu zaɓi ne. Yanzu ga yawancinmu shi ne kaɗai ƙofar da ta rage a buɗe. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kafin mako ya zagayo litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, a 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. A watan Yunin 2023 ɗin aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a hannun gwamnati ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Mashin kuwa ba a fadamar Argungu ake shuka shi ba. Bajaj da TVS daga Indiya suke, Jincheng da Haojue da Lifan daga Caina, ko an haɗa su a nan Najeriya kayansu da dala aka sayo. Shi ya sa sabon Boxer na Bajaj da malamin makaranta yake iya fitarwa da adashin shekara guda ya tsallake naira miliyan ɗaya. Albashin bai bi shi ba, kuɗin buhun shinkafar manomi ma da ƙyar yake hango ƙurarsa.

To, wanda bai da miliyan mene ne ya rage masa? Ko ya karɓi sabo a hannun mai kuɗi ya riƙa biya kullum ko duk mako, a ƙarshe ya biya abin da ya fi kuɗin mashin ɗin nesa ba kusa ba, ko ya nufi rumfar na hannu. Fa'idar na hannu ta farko ke nan, kuma ba ƙarama ba ce: mashin ɗin naka ne tun ranar farko. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai babu mai aiko yaro karɓar balas, wato kuɗin nan na kullum ko na mako. Wanda ya taɓa kwana da lissafin balas a kansa ya san abin da nake nufi.

Akwai kuma sauƙin gyara. Waɗannan mashinan ba su da wani sirri: kafireta, fulogi, fistin guda, sarƙa, iska ce ke sanyaya injin. Bakanikan da ke ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a Bunza ko Kangiwa zai kwance injin Boxer ya mayar kafin la'asar, yaron shagonsa ma ya haddace kowane noti. Wannan sauƙin ba haka kawai ya zo ba. Kamfanin Honda ya fitar da CG125 a 1975 ne bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashen Asiya sun ga yadda talakawa ke labta wa babur kaya, ba sa canza baƙin mai sai ya koma kamar kwalta, ba sa zuwa wurin gyara sai ya tsaya cak. Sai suka ƙera injin da zai jure wulaƙanci. Yawancin mashinan Caina masu lamba 125 da 150 da suka cika hanyoyinmu a kan wannan tsarin aka kwaikwaye su. Wato an ƙera su ne da sanin cewa hannu irin namu za su faɗa.

Sai dai sauƙin gyaran yana da sharaɗi, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami: sai samfurin da kowa ke hawa. Kayan gyara daga Nnewi da Kano suke gangarowa, ɗan kasuwa kuma abin da ke tafiya yake sarowa. In ka sayi wani baƙon samfuri don ya yi maka kyau a ido, ko don an karya maka kuɗinsa, ranar da wani ɗan ƙaramin abu ya mutu a cikinsa za ka jingine shi a zaure kaji su riƙa kwana a kai, kana jiran mai zuwa Kano. Arahar da aka yi maka tun farko, dalilinta ke nan.

Ɓarawo ma yana da ido. A jera sabo fil da tsoho mai ɗaurin roba a ƙofar masallacin Juma'a, ka san wanda za a fara taɓawa. Mai tsohon mashin yana sallarsa da natsuwar da mai sabo bai samu ba. Haka nan bai damu da ƙarcewa ba, yaro ya kayar da shi a ƙofar gida sai dai a ɗaga a karkaɗe. Sannan faɗuwar daraja ta riga ta auku a kan mai shi na farko, domin sabon mashin tun ranar da aka yaye ledarsa ya zama na hannu. Na san waɗanda suka sayi na hannu kafin 2023, suka more shi shekara biyu, suka sayar da shi sama da yadda suka saya. Suna ta murnar riba. Ni dai ban ce musu komai ba, amma ba mashin ne ya ƙara daraja ba, naira ce ta zube. Su je su maye gurbinsa da kuɗin su gani.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a kai. Mu kan tambayi shekarun mashin, alhali ba shekaru ke tsofar da shi ba, hannu ne. Mashin mai shekara takwas a hannun dattijon da ke zuwa sakatariya ya dawo, yana canza baƙin mai a kan kari, ya fi mai wata goma sha takwas da ya sha kabu-kabu lafiya. A jihar nan ta Kebbi kuwa rayuwar mashin kala-kala ce. Akwai wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana fito da buhunan shanshera daga fadama, yana ratsa laka da ruwa har ya shiga salansa. Akwai na Aliero da aka ɗaure wa buhunan albasa har direban yana zaune a kan tanki. Akwai na bakin iyaka, wajen Kamba da Lolo, wanda aka rataya wa jarkokin fetur gaba da baya yana gudu a burtali cikin dare ba fitila, musamman lokacin da aka rufe iyakoki a Agustan 2019 kuma kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Irin wannan ba inji kaɗai ya gaji ba, ƙashin bayansa ne ya tsage. Za a kai wa mai walda ya ɗinke, a shafe da baƙin fenti, a sa sabuwar rigar kujera da sababbin robobi, ya fito yana sheƙi kamar ango. Inji ana sake shi. Firam da ya taɓa karyewa ko ya karkace, har abada ba ya komawa daidai.

Ƙasarmu ma ba ta raga wa inji. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, injin da iska ke sanyayawa kuma iskar da yake samu ita kanta wuta ce. Da hunturu ƙura ce. Ɗan soson da ke tace iska kafin ta shiga kafireta, wanda ba ya cin kuɗin kirki, shi ne mai gadin injin gaba ɗaya. In ya yage aka ƙyale shi, ko aka cire shi wai don mashin ya ƙara gudu, rairayi yana shiga ya riƙa goge fistin da ringi da bangon silinda kamar ana wanke tukunya da toka. Ƙara da jabun baƙin mai da ake ɗurawa a galan na asali. Duk wannan ba za ka gan shi a jikin fenti ba. Mitar da ya kamata ta gaya maka tafiyar da ya yi kuwa, a goma da wuya ka samu ɗaya mai motsi.

Sai lissafin mai, wanda a da ba mu cika damuwa da shi ba. Injin da ringinsa ya ci, kafiretarsa ta sha taɓi, yana shan mai fiye da lafiyayye. Mu ɗauki misali don sauƙin lissafi, ba wai awo na yi ba: a ce lafiyayyen mashin yana cin kilomita 45 da lita guda, gajiyayye kuma 30, lita kuma a ce naira 1,000. Ɗan kabu-kabu mai zagaya kilomita 90 a yini, da na farko lita 2 zai sha, da na biyu lita 3. Naira 1,000 ke nan kullum take bin iska, 30,000 a wata, sama da 300,000 a shekara ko da ya huta wasu ranaku. Cikin shekara biyu ya biya bambancin tsoho da sabo a gidan mai bai sani ba. Amma malamin firamare da makarantarsa da gidansa kilomita 9 ne zuwa da dawowa, asararsa a wannan lissafin naira 100 ce a yini. Mashin guda, ga wannan araha, ga wancan rami. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni ko ya sayi na hannu, ba na fara tambayarsa nawa gare shi, sai in ce me za ka yi da shi?

A nan ne tsofaffin masu hayaƙi suka faɗi warwas. Suzuki A100 da Jincheng AX100 da iyayenmu da yayyenmu suka hau, injinsu yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa suke da wannan ƙara mai tsini da shuɗin hayaƙi. Ƙarfin tashi gare su, gyaransu kuma ya fi na kowa sauƙi tunda ba su da bawul irin na Boxer. Amma sun fi shan mai, ga kuɗin man haɗi a kai. Lokacin da lita take naira 65 ko 97 babu mai kula. Yau sai mai sha'awa, ko wanda ya gada daga mahaifinsa ba ya son rabuwa da shi. Ina jin daɗin jin ƙararsu in sun wuce, ba zan ɓoye ba, amma ba zan ba ɗan'uwana shawarar ya nemi abinci da su ba.

Abin da ya fi asarar fetur ciwo shi ne ranar da zai tsaya maka. Sabon mashin kuɗinsa a dunƙule kake biya, ka san iyakarsa. Tsoho kuwa ragowar kuɗinsa a wurin bakanike kake biya, kaɗan-kaɗan: yau boris, jibi kuloci, wani mako sarƙa da haƙoran da take hawa, sai shokozoba, sai kwayil. Bashi ne marar ruwa, amma shi yake zaɓar ranar da za a biya shi, kuma bai taɓa zaɓar ranar da aljihu ke da nauyi ba. Mashin ɗina na farko tsakanin Kalgo da Bunza ya zaɓa, da azahar, cikin azumi, ina sauri in riski jana'iza. Na tura shi har na daina jin ƙafafuna. Da muka buɗe, bakanike ya lakato man da ke ciki da yatsa ya nuna mini, kauri kamar kunun kanwa. "Malam, an yi ma wayo. Mai kauri anka zuba don ya ɓoye ƙara." Mako uku ke nan da sayensa. Kuɗin gyaran bai dame ni kamar jana'izar da ta wuce ni ba. Ga manomin rani da injin ban-ruwansa ke jiran fetur a fadama, ko mai kai mara lafiya asibiti daga ƙauye da tsakar dare, irin wannan tsayawar ba a auna ta da naira.

Kayan gyaran su ma aji-aji ne. Akwai orijina, akwai mai araha da ba ya kai wata uku, akwai na kwance da aka ciro daga wani mashin da ya mutu. Sau da yawa na kwance na asali ya fi sabo na jabu. Mai tsohon mashin da bai da amintaccen bakanike, wanda zai gaya masa gaskiyar wanne aka sa masa, marayan gaske ne.

Lafiyar jiki kuwa ba sai an tsawaita ba. Birkin da ya cinye, taya mai sanƙo, fitilar da ba ta fi aci-balbal haske ba, sitiyarin da ke karkata hagu: waɗannan su ne abubuwan da mai tsohon mashin ke cewa "bari a ga wata" a kansu, don mashin yana tafiya ko babu su. Masu ɗorin Aliero sun yi suna har wajen jihar nan, kuma ba daga faɗowa a bishiya yawancin baƙinsu suke zuwa ba. In kuɗin gyaranka na abu ɗaya ne, inji ya jira, a fara da birki da taya. Hular kwano ma tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta, mu ne dai muka mai da ita abin dariya.

Amma duk waɗannan asarar kuɗi ce ko ta ƙashi. Akwai wadda ta fi su, ita ce takarda. A yankinmu mashin ya daina zama abin hawa kawai, ya shiga maganar tsaro, domin a kansa 'yan bindiga ke shiga gari su fita. A 2019 rundunar soja ta hana hawa babur a dazukan jihohi bakwai, har da Kebbi da Zamfara. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare a Zamfara, ta hana sayar da fetur a jarka, ita kuma gwamnatin Aminu Masari a Katsina ta hana cinikin babura na hannu a kasuwar Caranci ɗungurungum. Ba don ƙiyayya da talaka aka ambaci na hannu ba. Mashin da aka ƙwace a hannun mai shi a daji, ko aka sace a ƙofar gida, kasuwar na hannu ita ce wurin da yake wanka ya canza suna. Wanda ke bin hanyoyin ƙasar Zuru ko na Arewa da Augie ya san yawan shingen da zai tsaya a kai. Ranar da aka duba lambar inji aka ga ta yi daidai da ta wanda aka kai rahoto, ba dillali za a kama ba, wanda ke kai za a kama. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma kafin ka gamsar da kowa cewa ba ka sani ba, ka kwana inda ba ka so, mashin ya tafi, kuɗi sun tafi.

Saboda haka rasit na asali daga shagon da aka fara sayensa ba ado ba ne. A duba lambar inji da ta firam a jikin ƙarfe, a gwada da abin da ke takarda harafi-harafi. In wurin lambar ya yi santsi kamar an goge, ko lambobin sun yi hawa da sauka kamar an sake buga su da hannu, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. A rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da lambar wayarsa da shaidu, gaban shugaban 'yan kasuwar mashin ko mai unguwa. Duk wanda ya ce "takardun na gida, in kawo ma gobe", to kuɗin ma su kwana a gida sai goben. Kuma farashin da ya yi daɗi fiye da kima, shi kansa shaida ne.

Duba lafiyarsa kuma ba ya son gaggawa. Ka je da sassafe, da bakanikenka, ba wanda dillali ya kira maka ba. Ka fara taɓa injin da bayan hannu: in da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, ka tambayi kanka dalili. Lafiyayyen inji yana tashi da sanyinsa a kik ɗaya ko biyu. Ka tsaya bayan salansa a murɗa: shuɗin hayaƙi a irin su Boxer yana nufin yana ƙona baƙin mai, ringi ko silinda sun tafi, baƙin hayaƙi kuma fetur ne ya yi yawa, galibi aikin kafireta ne, wannan da sauƙi. Ka zaro ma'aunin mai ka murza a yatsa. Ka dubi kawunan notocin inji, in sun cinye sun yi kumatu, sufana ta sha zama a kansu, ko da an rantse maka ba a taɓa buɗewa ba. A ɗaga kujera, a leƙa ƙarƙashin tanki da wuyan mashin a nemi tabon walda. Robar matakin ƙafa da sandar kik sun fi mita faɗin gaskiya. Sannan ka hau, ka bi duk giyoyin, ka sassauta riƙo a miƙaƙƙiyar hanya ka ji ko yana jan ka gefe. Wanda ya hana ka ɗayan waɗannan, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. A rumfa kuwa abin da za ka ji shi ne an saya an sayar. In kana son haƙƙin nan ya yi aiki, a rubuta shi cikin takardar ciniki: kwana kaza na gwaji, in inji ya nuna abu kaza a dawo da shi. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Shi ya sa na fi son saye a hannun wanda na sani, maƙwabci ko abokin aiki da na ga yadda yake riƙon abinsa shekara da shekaru, ko da ya fi na rumfa tsada. Kunyar haɗuwa da kai a masallaci kullum ta fi kowace takarda ƙarfi.

Tambaya ta ƙarshe da ya kamata a yi wa bakanike, wadda mutane ba su cika yi ba: fistin ɗin na nawa ne? Duk lokacin da silinda ta ci, ana kai ta a yi bori, a faɗaɗa ramin a sa fistin da ya fi na da girma. Daga sitanda sai 25, sai 50, sai 75, sai 100, daga nan bango ya ƙare, sai a sa sabon hannun riga a ciki ko a sayi wata silindar. Wannan lambar ita ce shekarun mashin na gaskiya. Nawa na yanzu, wanda na saya a hannun wani dattijo da ya yi ritaya, shekararsa biyar a wurina, bara muka shiga 50. Da na tambayi bakanikena ko in sayar tun yana da sauran kuɗi, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, ina kaka zuwa da shi? Makaranta da kasuwa da gona? Bar shi. Saura biyu gare ka."